Yatsu Biyu Sun Yi Yaji

Ƙofar bas ce ta cije ni a Kasuwar Barci.
Yaron mota ya ja ta yana kiran "Kawo! Kawo!"
bai ga hannuna ba.
Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa,
sau biyu.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi a hasken taga,
ya ce ɗori ba zai yi ba, sai tiyata.
Suka zura min ƙarafa sirara kamar tsinken kitsona,
mako shida ina yawo da hannu a ƙirji
kamar mai rantsuwa.

Ran da aka zare su ya ce, "Barka, Asabe, ƙashi ya haɗe."
Na ce wa manuni, lanƙwashe.
Ya yi shiru.
Na ce wa na tsakiya, kai fa?
Ya tsaya ƙiƙam.
Ƙashi ya haɗe, ban musa ba,
amma yatsu biyu sun yi yaji:
suna cikin gidan, ba sa amsa sallama.

Shekara goma sha tara ina kitso a Tudun Wada.
Ido rufe nake tsaga,
shuku, kalaba, zane mai tafiyar maciji.
Amare daga Unguwar Sanusi har Rigasa
sun yi gyangyaɗi a cinyata.
Yau maɓallin riga ya gagare ni.
Loma tana zamewa kafin ta kai baki.
Tasbihin da nake ƙirgawa a gaɓoɓi
na mayar da shi hagu.
Manuni kuwa a tahiya kaɗai yake da ladabi:
ya miƙe tun ba a ce ya miƙe ba,
ya ƙi komawa bayan sallama.

Talata da Alhamis, ɗakin gashin ƙashi.
Rifkatu, mai sanyin murya, mai hannun ƙarfe,
ta tsoma su a ruwan ɗumi,
ta tambaye ni lafiyar yara,
ina cikin amsawa ta danna.
Na kira sunan uwata da ta daɗe a ƙasa.
"Yi haƙuri, Mama. Wancan zuwan ashirin ne,
yau ashirin da biyar."
Tana auna lanƙwasa da ɗan ma'auninta
kamar mai auna zinari.
Biyar kacal.
A kan biyar ɗin nan na jiƙa bakin mayafi.

Ta haɗo ni da aikin gida:
in tsinci wake daga faranti zuwa kofi
ɗaya-ɗaya,
in matsa soso, in tattare tawul da yatsu.
Da asuba sun fi taurin kai,
balle in an kwana ana ruwa,
kogi ya cika yana lasar ƙafar gada.
Su ma sai su kumbura, su taya shi.

Kwastomomina sun koma wurin Ladidi ta bakin famfo.
Ban ji haushi ba.
To, na ji kaɗan.
Ina ganin tsagarta tana wuce ƙofar gidana
a karkace,
yatsuna na gyara ta a cikin zuciyata,
a waje ko gezau.

Jiya Tasallah ta tsefe kanta da kanta,
ta ajiye mataji a gabana,
ta zauna tsakanin ƙafafuna, ba ta ce uffan ba.
Daga la'asar har aka kira magariba
na yi guda huɗu.
Sako-sako, wani ya fi wani kauri,
na ƙarshen ya warware kafin ta kai madubi.

Ta shafa, ta sake shafawa,
ta ce, "Umma, yau babu zafi."

Na dube su.
Manuni ya ɗan rusuna
kamar mai gaisuwar dole.
Ban tanka masa ba, kar ya ji kunya ya fasa.
Na ɗora ruwa a wuta,
na jawo farantin wake.